Wane suna za mu ba jijiyar da ke kai jinin hanji hanta?

Ɗalibin likitanci, Wad Madani:
Salamu alaikum iyaye da yayye. A aji da Larabci "alwaridul babi" muke cewa, amma in dattijo ya zo daga ƙauyukan Jazira, nan Sudan, yana aman jini, da Hausa zan yi masa bayani. Hanta na shan kusan kashi 25 cikin 100 na jinin da zuciya ke turowa, wajen lita 1.5 a minti. Kashi uku cikin huɗu ta wannan jijiya yake shiga, ita ke kwaso jinin hanji da na saifa. Ragowar kuwa ta wata siririyar jijiya mai bugawa, mai kawo jini daga zuciya. Na ce "jijiyar ƙofa". Ya yi?

Malamar jinya, Sinnar:
Ɗana, bai yi ba. Su biyun ai ƙofa ɗaya suke bi. Ni abin da nake so mara lafiya ya gane shi ne, tsutsar bilharziyar da ya ɗauko a ruwan tur'a (magudanar ban-ruwa) tana yin ƙwai, ƙwan su maƙale a rassan jijiyar nan cikin hanta, wurin ya yi tabo ya ƙanƙance. Jini ya rasa hanya, saifa ta kumbura har ka taɓa ta ƙasan haƙarƙari, jijiyoyin ƙasan maƙoshi su cika su fashe. A samo sunan da zai nuna jinin nan matafiyi ne.

Kawu, Maiwurno:
To ku ce "jijiyar zango". Jinin hanji ba ya zarcewa zuciya sai ya yada zango a hanta, an sauke masa kaya an tace shi, yadda kakanninmu suka sauka ƙasar nan a hanyar Makka.

Ɗalibin likitanci:
Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan ya zauna. Saura ɗaya. Hanta ba ta da iko da yawan jinin zango, hanji ne ke ƙayyade shi, shi ya sa yake ƙaruwa bayan cin abinci. In ya ragu, sai mai bugawa ta buɗe. Sinadarin adenosin ne ke tsattsafowa kullum kusa da rassanta, jinin zango yana wanke shi. Da jinin ya yi ƙasa sai adenosin ya taru ya sassauta mai bugawa. Masanin kimiyya Wayne Lautt ne ya raɗa wa abin suna da Turanci a 1981. Mu ce "cike gurbi"?

Malamar jinya:
A'a, "rage giɓi". Ba ta mayar da duk abin da aka rasa, kada mu yi wa mutane alkawarin da jiki bai yi ba. Kuma ka rubuta cewa taimakon ɓangare ɗaya ne: in mai bugawa ta toshe, jijiyar zango ba ta ƙara komai.