Shawarwari ga mai son sanin Yahudawan Maroko

A wata hira da aka yi kan yadda mutum zai fara sanin Yahudawan Maroko, yawancin mutane sun ce kafin littafi a fara taka unguwa. A shiga Mellah, wato tsohuwar unguwar Yahudawa ta birnin Fes, wadda aka kafa a 1438, a dubi barandunanta na katako masu leƙen titi, alhali gidajen Musulmi tsakar gida suke fuskanta. Wasu suka ce a duba tsarin mulkin Maroko na 2011, wanda ya lissafa gadon Ibraniyawa cikin asalin ƙasar.

Wani dattijo kuwa ya ja kunne: a daina tambayar mutum, "Kai Balarabe ne ko Bayahude?" Ya ce kakannin Bayahuden Maroko da Larabci suka yi ciniki, wasunsu ma da yaren Amazigh, wato na ƙabilun Berber. Ni dai maganarsa ta fi shiga raina.