Ta yaya ake auna rabon halitta a kuɗin yawon buɗe ido na Farasan?

Ɗan Jazan: Assalamu alaikum. Kowa na cewa tsibiran Farasan na Saudiyya, da ke Bahar Maliya, da teku suke ci. To yaya za a sa wa maganar lamba? Cikin kowane Riyal ɗari da baƙo ya kashe, nawa ne albarkacin duwatsun murjani na ƙarƙashin teku, barewa da dajin kandal (itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri na bakin teku)?

Mai Ƙididdiga: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da yawan fasinjojin abbara, wato jirgin ruwan da ke kai mutane tsibiran daga birnin Jazan. Kyauta take, kuma 'yan gari, ma'aikata da masu ziyarar dangi duk ita suke hawa. Tsaya a tashar Farasan lokacin komawa, ka tare kowane mutum na goma: me ya kawo shi, kwana nawa ya yi, nawa ya kashe a masauki, abinci, hayar mota da kwale-kwale. Sai babbar tambayar: "Da murjanin nan ya mutu, za ka zo?" Wanda ya ce a'a, rubuta wa halitta kuɗinsa duka. Wanda ya ce zai rage kwana, kuɗin kwanakin kaɗai. A ce baƙi 400 sun kashe Riyal 200,000, rabon masu a'a 120,000, kashi 60 ke nan. Kada ka gaza mutum 400, shi ke riƙe kuskuren a wajen kashi 5.

Yar Madina: Ƙari kaɗan, Yaya. In ka tattara bayanan duka lokacin bikin kifin harid na Afrilu, lissafin zai kumbura. Raba su tsakanin sanyi da zafi. Kuma kada ka tsaya kan masu nutso. Wani kiyasi na 2017 ya sa kuɗin yawon murjani na duniya a dala biliyan 36 a shekara, kusan rabi daga waɗanda farin yashi, ruwa mai kwanciya da kifin ci suka ja. Masu zuwa don Masallacin Najdi da gidan Rifa'i, tsofaffin gine-ginen Farasan, ware su a tarihi, ko da yake gidan ma da dutsen murjani da kuɗin lu'ulu'u aka gina shi.

Mai Ƙididdiga: Gaskiya ne, Hajiya. Wani rami kuma: kuɗin da aka biya kamfani a Riyadh, sai a sake ƙirga shi a hannun mai kwale-kwale. Ƙirga shi sau ɗaya, inda ya sauka. Baƙi kuma kan ce a'a don kunya, saboda haka gwada amsoshinsu da yawan fitar kwale-kwale zuwa kandal a watan.