Yaya zan bambance masu busa saksofon biyu a faifan Kind of Blue?

Malamin firamare, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Kano ya saka mini faifan kiɗan jazz mai suna Kind of Blue na Miles Davis, mai busa ƙaho ɗan Amurka, a waya, kuma tun da aka gama girbin gero nake saurarensa a zaure bayan sallar isha'i. An ce mutum biyu ne ke busa saksofon a ciki, amma kunnena ya kasa raba su. Don Allah a nuna mini hanya.

Dattijo, daga Gaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da kiɗan farko, wato "So What", domin a nan suka yi busa bi da bi. Da Davis ya sauke ƙahonsa, John Coltrane ne ya karɓa da babban saksofon mai kaurin murya, yana kwararo sauti ba ƙaƙƙautawa kamar wanda maganar cikinsa ta fi lokacin da aka ba shi yawa. Mai bi masa shi ne Cannonball Adderley, wanda nasa ya fi ƙanƙanta, muryarsa siririya ce mai zaƙi da rangaji. An ɗauki faifan a New York a zama biyu, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilun 1959, kuma Davis bai ɗaure su da dogon tsari ba, ginshiƙin sauti kawai ya ba su, shi ya sa halin kowa ya fito fili.

Ɗan gidan masu algaita, daga Haɗejiya:
Baba ya yi bayani mai gamsarwa. Mu a gidanmu ba a yanke busa, ta hanci ake jan iska yayin da kumatu ke turo wadda aka tara, saboda haka abin da na fara lura da shi a wurin Coltrane da Adderley shi ne inda kowannensu ke tsayawa ya numfasa. Malam, ka kuma saurari wani kiɗan da ke faifan mai suna "Blue in Green", domin Adderley bai yi busa a cikinsa ba, duk saksofon da ka ji na Coltrane ne.

Malamin firamare:
Allah ya saka da alheri. Daren jiya na maimaita "Blue in Green" sau uku, na ji Coltrane yana busa a hankali ƙwarai, amma kaurin muryar nan yana nan, har na gane shi nan take da na koma kiɗan farko.