Aikin dizain da hoton adana tarihi, suna haɗuwa ko sai an saki ɗaya?

Ɗan Kwalkwalawa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai aikin dizain nike yi nan cikin garin Sakkwato shekara shida ke nan, katin biki, kalandar makarantun Islamiyya, bana, sitika, fastar 'yan siyasa in lokacinsu ya zo, duka da manhajojin CorelDraw da Photoshop. Bayan zaɓen 2023 na samu ɗan abin da Allah ya hore na sayi kyamarar Canon ta hannu, asali don in riƙa ɗaukar kwastoma da kaina, saboda hotunan da suke turo min ta WhatsApp in anka buga su babba duk sai su fashe. To sai kyamarar ta ja ni wani wuri daban. Duk ranar da babu aiki sai in tafi wurin majema da dukawa in zauna tun safe ina kallon yadda ake jiƙa fata da toka, a kankare gashi, a sa ta ruwan bagaruwa, a rina da karan dafi har ta zama jar fatar nan da Sakkwato ta yi suna da ita, kuma wallahi mafi yawan masu yi dattawa ne, yara sun tafi kabu-kabu.

Abin da ya kawo ni shi ne, na ɗauki wani dattijo yana matse fata bakin kwatarniya, hoton ya yi kyau ƙwarai amma bayanshi akwai jarka ruwan ɗorawa da baƙar leda da wayar wuta ta gitta sama. Na goge su duka na ƙara ma jan fatar ƙarfi kamar yadda na saba. Da na tura wani zaure na masu hoto sai wani babba ya ce wanga ba hoton tarihi ba ne, fasta ce. Maganar ta yi min zafi har yau. Mi ne laifi in ka gyara abu ya yi kyau? Sannan na biyu, ana iya ci da wanga aiki ko in tsaya ga dizain ɗina?

Baba Mai Yashika:

Wa alaikumus salam ɗana. Wanda ya gaya maka haka bai ƙi ka ba, gaskiya ya faɗa maka, sai dai ƙila bai tauna ta ba kafin ya furta. Mu da munka fara tun zamanin fim da ɗakin wanki muna da sauƙi ɗaya, abin da ke gaban kyamara shi ke fitowa. Kai kuwa hannunka ya saba, shekara shida kana cire ƙurajen fuskar ango kana ƙara ma ɗan takara haske, kwastoma ya biya ka don ka nuna shi yadda yake so a gan shi kuma babu laifi ga wannan. Amma hoton adana tarihi shaida ne, kana ce ma wanda bai zo wurin ba ga abin da ni gani da idona. In mai shaida ya rage abu ɗaya don magana ta yi daɗi, da mi za a yarda da sauran?

Kuma jarkar nan da ka goge ita ce tarihin. Ni na san lokacin da da tulu ake kai ruwa majema. Wanda zai duba hotonka bayan shekara hamsin jarkar da ledar su za su gaya mashi wane zamani ne, kai kuma ka mai da dattijon kamar yana zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu.

Can waje ma ba su wasa da wanga abu. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, mutumin da ke cikin waɗanda sunka ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida, don kawai ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinshi daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. A 2015 gasar World Press Photo ta fitar da kashi 20 cikin ɗari na hotunan da sunka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyara ya wuce iyaka. Abin da anka yarda da shi, ka daidaita haske da duhu kaɗan, ka yanke gefe, ka cire ɗigon ƙurar da ta shiga cikin kyamara, wanda mu nan da hazon hunturu ba mu rabuwa da shi. In wayar wuta ta dame ka to ka gusa da ƙafarka ka sake wuri kafin ka danna. Ka riƙa ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba, kana aje na asali wuri biyu, kuma kowane hoto ka rubuta rana da unguwa da abin da ake yi. Da gobara ta ci babbar kasuwar Sakkwato farkon 2021 na yi ta neman hotunan layukan yadda suke kafin wuta, nawa da nike da su babu kwanan wata ko ɗaya, abin na damuna har yanzu.

Mai_Corel:

Baba Allah ya ƙara girma, batun gyara na yarda ɗari bisa ɗari. Ni kan batun kuɗi zan yi magana. Abokina kar ka kuskura ka rufe shago. Babu wanda zai biya ka don ka zauna majema wata shida, aikin irin wannan sai ya taru ya yi shekaru kafin wani ya waiwaye shi, to katin biki da bana su za su sai maka mai da batir da hadis ɗin aje hotuna. J.D. Okhai Ojeikere ma'aikacin kamfanin talla ne a Legas lokacin da ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, a gefe yake yi, har ya tara wajen dubu, yau su aka san shi da su ba tallan ba. Malick Sidibé na Mali kuwa zane ya koya a makaranta, an kira shi ya yi ma wani shagon hoto ado a Bamako a 1955 daga nan ya zama ɗan koyo, a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya. Kenan hanyar da kake kai wasu sun bi ta.

Kuma kana da abin da masu hoto zalla ba su da shi. Ka san yadda ake jera hoto goma su ba da labari a shafi, ka san ja na sikirin daban yake da ja na injin buga takarda in ba ka mai da shi CMYK, tsarin launin injin bugu, ba, ka san wane rubutu ke fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Ƙungiyoyin da ke aikin lafiya da noman rani a Goronyo da Wurno suna son mai ɗaukar hoto kuma suna son mai tsara musu rahoto, in mutum ɗaya ya iya duka ai shi za a kira. Amma ku yi rubutacciyar yarjejeniya, ni na taɓa yi ma wata ƙungiya aiki da baki kawai, bayan shekara na ga hotona a allon talla ba sunana ba sisi.

'Yar Gidaɗawa:

Yayana ni abu ɗaya ban ga an taɓo ba, izini. Shi dattijon ya san ina hotonshi zai je? Ka san garinmu, ba kowa ke son a ɗauke shi ba balle mata, kuma yanzu da matsalar tsaro a gabashin jiha akwai wanda in fuskarshi ta fita intanet ka jefa shi cikin haɗari. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne yadda baƙi ke zuwa su ɗauki almajiri da kwano ko 'yan gudun hijira ba sallama ba tambaya su tafi, shi ke nan Sakkwato a idonsu. Dubi Fati Abubakar ta Maiduguri da ta fara shafin hotuna na Bits of Borno a 2015, 'yan makaranta da 'yan kasuwa da kwalliyar sallah ta riƙa nunawa lokacin da kowa bam kawai yake nunawa, don ita 'yar gari ce ta san mutanenta. Kai ma ɗan gari ne, ka fara da gaida sarkin sana'ar, ka faɗa musu gaskiyar abin da za ka yi da hoton, ka wanke ka kai musu nasu. Kuma don Allah ka raba jakar hotunan nan da ta aikin shago, kar wata rana ana sauri ka ɗauki fuskar bawan Allah ka manna a fastar ɗan takarar da bai ma sani ba.

Ɗan Kwalkwalawa:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Malam, ƙanwata Allah ya saka. Alhamdu lillahi na asalin yana cikin katin kyamara ban goge ba. Jiya na buga shi yadda yake na kai ma dattijon, ya daɗe yana dubawa sai ya ɗora yatsa kan jarkar ya ce ta jikanshi ce, shi ke ɗebo mai ruwa kullum kafin ya tafi makaranta kuma shi kaɗai ne cikin gidan ya nuna yana son koyon jima. Ya yarda in ci gaba da zuwa amma ya ce kar in ɗauki cikin gida, na ce to. Asabar zan koma da sassafe in same su tare da yaron. Baba in ba damuwa ina son in kawo maka sauran ka duba min waɗanda na wuce iyaka da gyara, sun kai talatin.