Taraktar Baba ta shekara tara a ajiye, ta ina zan fara?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar wata Massey Ferguson 135 a gindin darbejiyar bayan gida. Tayoyi sun zauna, jan fentin ya koɗe, har zanzaro ya yi ɗaki a jikin lagireto. 'Yan gwangwan sun taya sau biyu, na ƙi. A kanta na koyi tuƙi, kuma so nake in tashe ta da hannuna a ranakun hutu. In sa sabon batir in gwada?

Tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura, ɗana. Fara kama fanka ka danne bel, ka ga ko injin zai juya. In ya ƙi, tsatsa ta riƙe fistin. Cire nozil ukun, ka zuba gas a kowane rami, ka ƙyale shi mako guda, kullum kana ɗan motsawa. Sai ka juye tsohon baƙin mai, ka wanke tanki, ka sauya filta, ka fitar da iska daga famfon gas. Injin Perkins ne mai silinda uku, ba ya mutuwa da wuri.

Manomi daga Kura:
Daga 1964 zuwa 1975 aka ƙera irinta, amma har gobe ana samun kayanta. Leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, tsohon ƙarfen a hannunka don gwadawa. Fenti kuwa sai ƙarshe.

Ɗan Funtuwa:
Na gode Baba. Ɗazu na gwada fankar, ta ɗan motsa! Wallahi sai da na yi ƙwalla.