Zafin da ke tasowa daga ƙasan mota: masu Corvette, Mustang da Z, me kuka gwada?

Mai Corvette, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corvette ƙirar 2008, mai injin lita 6.2, na saye ta hannu na biyu da sanyin bara. Tun da Yuni ya kama na rasa jin daɗinta. Mukayyif, wato AC, yana busa sanyi yadda ya kamata, fuska da ƙirji lafiya lau, amma ƙafata ta dama da ke jingine da tudun nan na tsakiya, inda sandar giya take, sai ka ce na kara ta a murhu. Ranar Juma'a muka tafi Makka da uwargida, kafin mu kai Shumaisi ta tattare ƙafafunta gefen ƙofa, wayata da na sa a akwatin tsakiya kuma ta kashe kanta don zafi. An ce in ƙara gas, an ce in sa tinti mai duhu, an ce in naɗe salansa. Ina so in ji daga bakin wanda ya yi da hannunsa kafin in zuba kuɗi.

Mai Mustang, Riyad:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tinti mai duhu dai kada ka fara, ni na riga ka shiga wannan ramin. Wani shago ya liƙa mini baƙi wuluk mai araha, ya rantse mini zafi ya ƙare. Zafi bai ƙare ba, dare ya yi ba na ganin madubin gefe, murur, wato 'yan sandan hanya, suka tsayar da ni aka rubuta mini tara, bayan shekara ledar ta koma ruwan hoda tana kumbura. Na ɓare na sa azil, wato ledar gilashi mai tare zafi, na siramik, wanda kusan fari ne. Shi ne ya rage ƙunar rana a hannu da cinya. Duhu daban, tare zafi daban. Ka tambayi abin da doka ta yarda da shi kafin a taɓa gilashin gaba.

Tsohon bakanike, Makka:
Ɗana mai Corvette, abin da ɗan'uwanka na Riyad ya faɗa gaskiya ne, amma ba ciwonka ba ne. Zafin mota ƙofa biyu gare shi: na rana da ke shigowa ta gilashi, da na inji da salansa da ke huda ƙasa. Kai naka na ƙasa ne, shi ya sa fuskarka ke shan sanyi ƙafarka na gasuwa.

Motarka tun ƙirar 1997 aka mayar da giyabos ɗinta baya. Wani dogon bututu ne ke ɗauko ƙarfin inji ya bi ta cikin tudun da kake jingina ƙafa, bututun hayaƙi biyu kuma suna kwance a ƙarƙashinsa, farantin ƙarfe kawai ya raba su. Gaba kaɗan, kusa da tafin ƙafarka, akwai tukunyar tace hayaƙi, wadda Larabawa ke ce wa dabbar talawwus, makanikan gida kuma su ce indomi. Ita sai ta haura digiri 400 take aikinta. To ka zauna a kujerar da ba ta fi taƙi biyu daga kwalta ba, kwaltar ma tana tafasa. Ina zafin zai je?

Ga yadda nake yi wa masu irinta. Da farko in cire murfin giya in duba robar da ke ƙarƙashin fatar. Rana da shekaru suna tsattsaga ta, iska mai zafi ta riƙa hurowa kai tsaye. Sau da yawa rabin matsalar ke nan, kuma ita ce mafi arha. Sai in duba robobin bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, inda wayoyi ke ratsawa. Bayan nan a ɗaga mota, a sauke tsakiyar salansa, a kwance farantin nan, notunansa sun fi 30, a liƙa masa abin tare zafi mai fuskar alminiyam, fuskar tana kallon salansa. A bar tazara tsakaninsu. Idan alminiyam ya manne da bututu ya daina mayar da zafi, ya koma ɗaukarsa. Tare wuta daga waje ya fi tare ta bayan ta shigo ɗaki.

Mai 350Z, Dammam:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Da na ji wannan bara da ban yi asarar kwana biyu ba. Na cire kujeru da kafet na shimfiɗa baƙar ledar nan mai nauyi da masu sa sifika ke amfani da ita. Ƙarar hanya ta ragu sosai, zafi kuwa sai dai ya ɗan jinkirta, in na kama hanyar Riyad kafin rabin tafiya ya dawo. Daga baya na gane ta ƙara ce, ba ta zafi ba. Da na ɗora soso mai fuskar alminiyam a kanta, irin wanda ba ya shan ruwa, sannan na ji bambanci a dunduniya.

Mai Camaro, Riyad:
Ni naɗe salansa na yi da ƙyallen nan na audugar gilashi, daga inji har ƙarƙashin kujera. Shekara biyu ke nan, ban ga aibu ba, kuma ƙasan ya huce.

Tsohon bakanike, Makka:
A Riyad kake, ƙanena, iskarku busasshiya ce. Shi a Jidda yake, bakin teku, ga laima ga gishiri. Ƙyallen yana riƙe danshi, bututu ya ci tsatsa a ɓoye, ba ka sani ba sai ya fashe. In mai ya ɗiga a kansa kuma ya jiƙe, wuta ce ke jira. Na kwance wanda ya ruɓe da hannuna. Wanda ke da hali ya kai a yi wa bututun fentin siramik. Kuma don Allah kada wani ya ce zai cire indomi don zafi ya ragu: motar ba za ta wuce fahas ba, wato binciken lafiyar mota na hukuma, hayaƙin kuma ku da iyalinku za ku shaƙa. Duk wanda ya ji warin hayaƙi a cikin ɗaki, ko kansa na ciwo in ya yi doguwar tafiya, ya ajiye maganar zafi ya nemi inda salansa ke yoyo a ranar.

Maman biyu, Madina:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Mustang ce mai baƙar kujerar fata, kuma abin da ya dame ni na rana ne. Ƙarfen bel ya taɓa ƙona ɗana a cinya bayan mun fito daga asibiti da azahar, tabon ya yi sati. Tun ranar ba na barin ta ba mayafin gilashin gaba, ina rufa farin tawul a kujeru da sitiyari, in kuma akwai rumfa ko ta kuɗi ce ina biya. In na shiga sai in sauke gilasai duka, in kunna mukayyif yana jan iskar waje na minti biyu ina tafiya, sannan in rufe in mayar da shi yana juya ta ciki. Ya fi saurin sanyi nesa ba kusa ba. Wanda ya ga zafin Hajjin 2024, da Makka ta kai digiri 51.8, ba zai bar yaro a mota ko na sayen ruwa ba.

Direban Ɗa'ifa:
Abu ɗaya ban ji an ambata ba: ƙura. Ina hawa hanyar dutsen Hada kusan kullum, mukayyif ɗina ya riƙa sanyi a kan hanya, in na tsaya a danja ya koma ɗumi. Sau biyu ana ƙara mini gas, ashe ma an cika shi ya wuce kima, wanda shi kansa yana rage sanyi. Da aka leƙa tsakanin kwandansan mukayyif da lagireto sai ga ƙasa da leda da gashin tsuntsu sun toshe wajen. Motocin nan hancinsu a ƙasa yake, komai na titi suna sharɓa. Aka wanke da ruwa marar ƙarfi, aka canja matatar iskar ɗaki, aka zuƙe gas aka auna daidai da abin da ke rubuce a ƙarƙashin bonet. Shi ke nan.

Mai Corvette, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, jiya bayan la'asar na cire murfin giya kamar yadda ka ce. Robar ta tsage gida biyu, yatsuna uku suna shiga. Na leƙa tashlihin Bariman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, waɗanda na samu duk sun bushe kamar tawa, don haka na yi odar sabuwa, na toshe da soso mai alminiyam kafin ta iso. Yau na je Ubhur na dawo, akwatin tsakiya da ɗumi amma waya ba ta mutu ba. Gefen ƙafa har yanzu yana ƙuna, saura farantin ke nan. Ranar Asabar zan shigo Makka in sha Allah. In zo da abin liƙawar, ko akwai wanda ka fi yarda da shi a wajenku?