Littafin hijirar kakanmu ya tsaya mini a babi na uku

Baban Sumayya, Jidda: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Shekaruna 51, haifaffen Maiurno ne ni, kusa da Sinnar a Sudan, kuma yau shekara 19 ina riƙe da lissafin wani shagon kayan gini a nan Jidda. Kakanmu yana yaro aka baro Burmi da shi bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903, iyayensa suka bi ayarin Mai Wurno, ɗan Attahiru, har bakin Nilu. Goggona ta ba ni labarin kafin rasuwarta, na ɗauki muryarta a kaset bakwai waɗanda har yanzu suna cikin gwangwanin alewa a ƙarƙashin gadona, kowanne da kwanan watansa da jan biro. Bayan Isha'i nake rubutu, amma shekara biyu ke nan babi na uku ya ƙi motsi. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya hana ni zuwa wurin dattawan da suka rage. Shin in haƙura, ko in ajiye aikin shagon in fuskanci littafin?

Malamin Misfala: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka kuskura ka bar aiki, domin wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannun kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ba ya wasa da abincinsa. Matsalarka harshe ce, ko da ba ka faɗa ba. Ka rubuta da Larabci, tunda jikokin mutanen Maiurno da na nan Makka da shi suka yi makaranta, kuma mafi yawansu ba su san harufan boko ba.

Hajiya daga Madina: Ni dai ku bar ni da maganar bugu. Na aika wa wani mai ɗab'i waƙoƙin begen mahaifiyata tare da kuɗin da na tara a adashi, shekara huɗu ban ga littafi ba, takardun ma ya ce ruwa ya ci su.

Ɗalibi a Madina: Da girmamawa ga Malam, masu sayen littafin Hausa suna Kano da Zariya da Sakkwato, kuma tarihin Burmi nasu ne su ma. Baba, ka rubuta da boko, sannan ka nemi wanda zai duba maka takardun Arewa House, gidan adana tarihi da ke Kaduna.

Baban Sumayya: Allah Ya saka da alheri. Amma Malam, Goggo da Hausa ta yi magana, kuma inda ta ce ƙafafun uwar kakanmu sun tsage kamar ƙasar fadama da rani, idan na mayar da shi Larabci ba muryarta ba ce kuma. Takardun Turawa da ke Arewa House kuwa labarin waɗanda suka yi harbi ne.

Malamin Misfala: Shehu Usmanu da Muhammadu Bello da Larabci suka rubuta manyan littattafansu, kuma su ake karantawa har yau. Shekara 40 ina koyarwa, na san abin da yara ke iya karantawa.

Ɗalibi a Madina: Baba, ka kwafe kaset ɗin zuwa waya kuwa? Zafin Jidda yana lalata zaren kaset.

Baban Sumayya: Ban kwafe ba tukuna, rediyon ta fara cinye zare, kuma ba zan miƙa muryar Goggo ga baƙo ba. Tambayata a kan aikin shagon dai Malam kaɗai ya taɓa ta.